Abin da ke cikin 'yar jakar nan: zare a kan kayan shayin tafiya

1/
Masu tambayata a kan 'yar jakar da take fitowa a hotunan wurin aikina, har da wanda ya ce wai layu ne a ciki 😂 to ku matso. Kayan shayi ne. Buta, kofuna, murhu, ganye. Yau ruwa ya hana mu fita, bari in zazzage muku ita, in kuma faɗi dalilin da ya sa mutum da gemunsa yake yawo da murhu. Zaren da tsawo, mai sauri ya wuce.

2/
Ga waɗanda ba su san ni ba: aikina haɗa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. A Mando nake zaune, daga nan muke tashi, ni da yarana biyu, wani lokacin da direba. Ƙauyukan Igabi, Giwa, Chikun, Birnin Gwari. In an dace mu dawo a ranar. In ba a dace ba mu kwana biyu ko uku a ajin firamare ko zauren mai gari.

3/
Wanda ya san Mando ya san ba wurin da ake neman shayi a rasa ba ne. Ƙofar Kaduna ce. Nan hanyar Birnin Gwari ta ɗauko, wadda in ka bi ta za ta kai ka Tegina, Mokwa, Jebba, Ilorin har Legas. Ga tasha, ga hanyar filin jirgi, ga sansanin sojan sama, ga sansanin alhazai, ga NDA can Afaka. Unguwa ce ta masu jira, mai jiran mota, mai jiran jirgi. Duk inda ake jira kuwa akwai teburin mai shayi.

4/
Kuma ni ban raina mai shayi ba, kar wani ya juya min magana. Ba abin da ke jakata da zai yi maka abin da yake yi: haɗin kauri, Bournvita da Peak sun ji, ya ɗaga kofi sama ya sheƙa sau huɗu ba ɗigo a ƙasa, ya yanka burodi, ya soya ƙwai, kana kan benci kana jin wanda za a ba minista tun kafin gidan rediyo su ji. In ina gari, can za ka same ni.

5/
Abin da ya sa na fara ɗaukar nawa shi ne 2021. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar tuni. A watan Maris aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayanmu. A Agusta aka shiga NDA kanta. Zuwa ƙarshen Satumba an yanke sabis na waya a wasu yankunan jihar, an hana hawa babur, an rufe kasuwannin mako-mako a ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa, an hana jigilar itace da gawayi.

6/
Ba siyasar abin na zo yi ba. Abin da ya shafe mu shi ne, a ƙauye mai shayi da kasuwa yake rayuwa. Ranar kasuwa yake samun cinikin da zai riƙe shi mako. Da kasuwa ta mutu sai tebur ya tashi. Ka isa gari da sanyin safiya, ba inda za ka sami ruwan zafi sai ka roƙa a gidan mutane, su kuma ga halin da suke ciki.

7/
A kan hanyar ma ba a tsayawa. Shekarun nan motoci sukan taru su yi ayari, wani lokacin da rakiyar jami'an tsaro, in an wuce Buruku kuwa ba direban da zai taka birki don wani yana jin yunwa. Ƙaramin yarona lokacin shekararsa 17, uwarsa ta damƙa min shi hannu da hannu. Yaro ya hau saman tanki tun bakwai na safe cikin hunturu, ba komai a cikinsa, yana ɗaure noti hannu na rawa. In ya faɗo ni za a tambaya.

8/
Wanda ya koya min abin ba a intanet yake ba. Dattijo ne mai gadin wani gida a layinmu, Buzu, daga wajen Abalak a jihar Tawa ta Nijar. Mu muke ce musu Buzaye, su Kel Tamashek suke kiran kansu. Yana cikin waɗanda farin 1984 ya cinye wa dabbobi, suka gangaro biranenmu suka kama gadi. Baba nake ce masa, shi kuma Injiniya, duk da na sha gaya masa ban yi digirin ba.

9/
Duk dukiyarsa ta shayi a 'yar jakar fata ɗaya take. Ƙaramar buta shuɗiya wadda ba ta wuce cin kofi ɗaya na gida ba. 'Yan kofunan gilashi uku, kowanne tsawon yatsa. Murhu na waya da aka saƙa kamar kwando, mai gindi. Ƙullin ganye, ƙullin sukari, gawayi cikin tafi biyu. Na taɓa ɗora su a sikelin mai sayar da gas, ba su cika kilo ɗaya ba.

10/
Ku dubi murhun nan da idon mai sana'a. Waya ce zalla, iska tana shiga ta ko'ina, gawayi kaɗan ya kama da wuri. In ba mafici sai ya ɗaga shi ya kaɗa a iska sau biyu uku. Ba ya riƙe zafi, kana zubar da garwashi ya huce ka jefa a jaka. Ba roba a jikinsa, ba sukurun da zai kwance. Mutanen da gidansu ke bayan raƙumi ne suka tsaya a kan wannan fasalin, duk abin da ba shi da amfani sun yar da shi tun a hanya.

11/
Ganyen kuwa ba na Sahara ba ne, koren shayi ne na ƙasar Sin. Ta Maroko ya shigo, 'yan kasuwar Ingila suka riƙa sauke shi a tasoshin ruwanta a ƙarni na 19, ayari suka ratsa hamada da shi tare da sukari. Har yau in ka duba 'yan kwalayen za ka ga lambobi irin 3505 ko 41022, lambar irin ganyen ce. Na farkon dunƙulalle ne ƙwaya-ƙwaya, na biyun siriri mai lanƙwasa. Baba na biyun yake so.

12/
Yadda yake yi: cikin ƙaramin kofi ɗaya na ganye a buta, ruwa kaɗan ya ɗauraye ƙura ya zubar, ya cika ta ya ɗora a garwashi. Ta tafasa, ta ƙara tafasa. Ya sa sukari, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya a kofi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya. Ganyen nan ɗaya sau uku ake dafa shi. Na farko in ba ka saba ba sai ka ji kunnenka ya buɗe. Na uku yara ma suna sha.

13/
Matsalar ɗaya ce, lokaci. Zama ukun nan yana cin fiye da awa. Na ce Baba, ba yadda za a gajarta? Ya dube ni ta saman rawani ya ce, "Injiniya, mi kake ma gaugawa? In sauri kake, sha ruwa ka tahi." Gaskiyarsa. Amma shi gadi yake, daren gaba ɗaya nasa ne. Ni ina da tanki da rana mai faɗuwa, da hanyar da ba a bin ta bayan la'asar.

14/
Duk da haka shi ya saƙa min nawa murhun, da wayar da na kawo masa daga wurin aiki, cikin dare biyu. Buta da kofuna na saya a kasuwar Sheikh Gumi. Sai jakar ta rabu biyu, kayan sauri da kayan zama.

15/
Na sauri filas ne kawai, mai cin lita ɗaya, ƙarfe ciki da waje. Kar ka sayi mai kwalba a ciki in hanyarka irin tamu ce. Ramin farko zai gama da shi, ka girgiza ka ji yana ƙara kamar kacau-kacau.

16/
Filas dabara ce ta wani masanin kimiyya ɗan Birtaniya, James Dewar, a 1892, kuma ba don shayi ya yi ta ba, iskar da ya sanyaya har ta zama ruwa yake son adanawa. Bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, zafi ya rasa ta inda zai bi. Jamusawa suka mai da ita hajar kasuwa da sunan Thermos a 1904. Amfanin sanin wannan: in ka zuba tafasasshen ruwa ka rufe, can ka taɓa jikin filas ka ji ɗumi, to ya riga ya mutu, gora ce kawai kake ɗauke da ita.

17/
Ruwan zafi zalla nake zubawa, ba shayi ba. Shayin da ya yi awa huɗu a filas ya yi baƙi ya yi bauri. In da madara ya fi muni, da ya fara hucewa ya zama gonar ƙwayoyin cuta, ga ƙarnin da ba ya barin robar murfi. Ruwa daban, ganye daban, madarar gari a ledarta. A haɗa a kofi lokacin sha. Kafin a cika shi kuma a fara zuba tafasasshen ruwa kaɗan ya ɗumama cikin, minti biyu, a zubar. Wannan kaɗai yana ƙara masa daɗewa sosai.

18/
Wa ke cika min? Mai shayin bakin layinmu, wanda tukunyarsa ke kan wuta tun kafin assalatu. Kullum sai ya ce, "Injiniya ka zama kishiyata fa, da ruwana kake kashe min kasuwa." Bai taɓa karɓar kuɗin ruwan ba, na yi na yi ya ƙi. Sai na koma sayen burodi biyu da dafaffen ƙwai shida a wurinsa duk ranar fita, ko da an yi mana abin kari a gida.

19/
A nan ne shayi mai igiya ya fi ganyen Baba. An niƙe shi ƙanana, minti uku ya ba da abin da ke cikinsa, ko da ruwan ya ɗan sauka. Kowa Lipton yake cewa ko da ba shi ba ne. Ni Highland nake nema in na samu, namu na gida da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Ba kishin ƙasa kaɗai ba, ruwan bununsa ya fi shiga da citta.

20/
Akwai 'yar gwangwanin alewa da uwargida take cika min: dakakkiyar citta, kanumfari, kirfa, masoro kaɗan. Na'a-na'a busasshe, don ɗanye ba ya kai la'asar a mota.

21/
Filas dai yini ɗaya yake kai ka. In an kwana dole a tafasa sabo, a nan maganar wuta take shigowa. Tambayar da aka fi yi min: kai da kake aikin sola, me ya hana ka dafawa da lantarki? To ga lissafi, kowa ya ɗauko biro.

22/
Ka ɗauki rabin lita daga digiri 25 ka kai shi tafasa, yana cin kusan wat-awa 44, ko da ba a yi asarar komai ba. Fawa bankin nan mai 20,000mAh da ake taƙama da shi, duk cikinsa kusan wat-awa 74 ne, kuma ta bakin USB a hankali yake ba da ita. Wato ka zauna awanni, ka ƙarar da abin cajin wayarka, don kofi biyu. A dajin da wayar ce tocilanka.

23/
Butar da ake sokawa a wurin laitar mota, mai bolt 12, yawanci wat 120 zuwa 150 take ja. Rabin litar nan kusan rabin awa ke nan. In mota na tafiya ba laifi, matuƙar akwai mai riƙe ta a ramuka. In injin a kashe yake, batir take sha. Wani direba da muka taɓa fita da shi ya tafasa sau uku a jere a kan tsohon batir. Da muka tashi tafiya mota ta ce ba ta san zancen ba. Mu huɗu muka tura Hilux a yashi.

24/
Hita da butar lantarki ta gida kuwa wat 1,000 zuwa 2,000 suke ja, ƙaramar inbata tana ganinsu za ta fara kuka. Ku bar su a gida.

25/
'Yar silindar gas mai kilo 3 da murhu a kanta tana aiki, kuma ko'ina a Kaduna za a cika maka. Amma da nauyin ƙarfenta ta haura kilo 6, kayan mota ce ba na jaka ba. Akwai ƙananan gwangwanayen gas na masu hawan dutse, giram 230, da ɗan kan murhu mai naɗewa ya shige aljihu. 'Yan mintoci ruwa ya tafasa. Abin sha'awa ne wallahi. Sai dai ba a sake cika su, in ya ƙare maka a Dogon Dawa ya ƙare ke nan, kuma ba a barin su a motar da ta sha ranar Afrilu.

26/
Gawayi kuwa, ko lokacin da aka hana jigilarsa, duk matar da ta sauke tuwo za ta ba ka garwashi a marfin kwano. Murhun wayar nan bai taɓa rasa abinci ba a duk garuruwan da muka kwana.

27/
Gargaɗi ɗaya, don Allah ku riƙe. Kar a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, ko cikin mota, komai sanyi. Yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji barci mai daɗi yana ɗaukarsa, shi ke nan. Murhun gas ma haka. A waje ake dafawa, a shigo da buta kaɗai. Yarana sun san wannan ce dokar da ba na wasa da ita.

28/
Wani amfanin da ban lissafa da shi tun farko ba shi ne ruwan kansa. Ai inda muke zuwa, rashin ruwa mai kyau ne ya kai mu. A 2021 ɗin nan kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya. Ruwan da ya yi minti ɗaya yana tafasa sosai ya kashe ta. Amma tafasa ba ta cire gubar dalma, irin wadda ta kashe yara a Zamfara a 2010. Inda ake wankin zinariya ba na ɗibar ruwan wurin ko don shayi.

29/
Bari mu zo gahawa, na san 'yan gayu ita suke jira. Mu nan da an ce kofi, na sha ba na zubawa ba, Nescafé ake nufi, garin da kamfanin Nestlé ya fito da shi a 1938. Don tafiya ba abin da ya kai shi sauƙi, ruwa da cokali. Direbobin dare da shi da goro suke kai gari. Ba zan zage shi ba. Amma wanda ya sha gahawar da aka niƙa yanzu-yanzu ya san ba abu ɗaya ba ne.

30/
Ƙanin matata da ke karatu a waje ya kawo min tsarabar AeroPress. Kamar ƙaton sirinji ne na roba: 'yar takardar tacewa a gindi, gari cokali biyu, ruwan zafi, ka juya, ka danna a hankali cikin kofi. Minti biyu. Wani Ba'amurke, Alan Adler, ya fito da shi a 2005, mutumin da kafin nan abin wasan jifa yake ƙerawa. Ba ya fashewa, bai fi nauyin waya da caja ba. Kuma mai shi ruwa mai digiri 80 ya ce a yi da shi, wato ruwan filas na hantsi ya wadatar.

31/
Na kuma gwada ta wani abokina, 'yar tukunyar Italiya mai kusurwa takwas da Alfonso Bialetti ya fitar a 1933. Moka suke ce mata, sunan tashar ruwan Mokha ta Yemen, inda gahawa ta bi ta shiga duniya. Sufayen can ne suke shan ta tun ƙarni na 15 don raya dare da zikiri. Ta zauna daram a kan murhun waya, kamar don shi aka yi ta. Amma tana son tsaro, ka juya baya ta ƙone ta yi ɗaci.

32/
Wahalar ba a na'urar take ba, a garin take. Ana noman gahawa a Mambila da Filato, amma shiga shagon unguwa ka ce a ba ka soyayyun 'ya'yan gahawa ka ga kallon da za a yi maka. Sai manyan kantuna ko saƙo daga Abuja ko Jos. Niƙaƙƙe kuma ba ya daɗewa ƙamshin ya gudu. Ƙaramin turmi na saya na ware masa, na rubuta sunana a jiki, don kar wata rana a daka min daddawa a ciki.

33/
Ga inda ni da kayan Turawan nan muka rabu. Duk don mutum ɗaya aka yi su. Dubi tallarsu, mutum shi kaɗai a kan dutse da kofinsa yana kallon rana. To ka ƙaddara kana zauren mai gari, dattawa shida a zaune, ga yaranka biyu, ga mai unguwa ya yi sallama. Ka fito da sirinjinka ka matsa kofi ɗaya. Wa za ka ba? In ka sha kai kaɗai, gobe ko tsani ka nema ba za a samu a garin ba.

34/
Butar Buzu ba ta fi shi girma ba. Amma da yake kofunan ƙanana ne kuma sau uku ake dafawa, mutum tara sai kowa ya samu, kofi yana zagayawa. Shi ya sa AeroPress nake fito da shi bayan asuba kawai, yara ba su tashi ba, gari bai fito ba. Da rana ta ɗaga ya koma ƙasan jaka.

35/
Nuwamba 2021, wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Ba sabis, ba yadda za mu kira wanda ya ba mu aikin ya shaide mu. 'Yan sa-kai suka tare mu a bakin gari. Lokacin duk baƙo infoma ne har sai ya wanke kansa, kuma kowa ya san abin da ke samun wanda bai iya wanke kansa ba. Suka sauke kaya: faifan sola, wayoyi, batura, duk abubuwan da ake cewa ana kai wa mutanen daji. Ƙaramin yarona ya kasa tsayuwa, ya tsuguna.

36/
Ɗaya ya zazzage 'yar jakar a ƙasa. Buta ta gangara, kofi ɗaya ya fashe, murhu ya yi tsalle. Wani dattijo a gindin ɗorawa, bai ce uffan ba tun da aka fara, ya sa sanda ya jawo butar, ya buɗe ya shinshina. Ya ce, "Ɗana, da ganye ko ado ne?" Na ce akwai, Baba. Ya ce, "To ku bar su su dafa mana, in ya so a ci gaba da binciken daga baya."

37/
Ashe tun da aka rufe kasuwarsu bai sa shayi a bakinsa ba. Aka kawo garwashi daga wani gida. Na zauna na yi yadda aka koya min, hannuna yana rawa, kumfa ta ƙi tsayawa. Kafin na biyu ya nuna an tambaye ni ɗan gidan wa ne ni, an gano limamin garin ya yi karatun allo a Zariya, a unguwar kakannina. Kafin na uku an aika yaro a keke ya kira mutumin da ya san da zuwanmu.

38/
Ba na cewa buta ce ta cece mu. Allah ne ya tsare, kuma zuwan mutumin ne ya kashe maganar. Abin da butar ta yi shi ne ta zaunar da mutane awa guda, su da suka zo a tsaye da zafin rai.

39/
Na ukun bai sha ba. Ya juye a kofin silba ya ba jikarsa ta kai wa tsohuwarsa cikin gida, ba ta da lafiya. Muka bar masa sauran ganyen da sukarin. Kwana uku muka yi a garin, ba ranar da ba a aiko mana da tuwo ba. Tun daga nan kwali biyu nake ɗauka, ɗaya na sha, ɗaya na bari.

40/
Masu ciwon suga da hawan jini, ku yi hattara da shayin Buzu, sukarinsa ba na wasa ba ne, na farkon kuma in ka sha bayan isha ka yi sallama da barci. Amma a nan ma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A tebur ka ce wa mai shayi sukari kaɗan, kunnensa cokali uku yake ji. Naka kai ke aunawa.

41/
Maniyyata da za su tashi ta sansanin Mando, tunda wasu sun tambaya saboda iyayensu: gwangwanin gas ba ya shiga jirgi, ko a jakar hannu ko a babba. Filas a shiga da shi ba ruwa. Ganyen da tsoho ya saba da shi, citta, ƙaramin kofin ƙarfe, sun isa. Kar a ɗora masa kayan da zai bari a Jidda.

42/
Tun ƙarshen 2024 da aka yi sulhu aka buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, hanyar ta yi sauƙi a kan da, tebura sun fara dawowa. Ina tsayawa in sha nasu da gangan, ko da filas ɗina a cike yake. Jakar dai ba ta sauka daga mota ba tukuna.

43/
Baba kuwa ya daɗe yana son komawa gida, ido ya fara yi masa rauni. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya zo aka rufe iyaka, ya zauna jira. Da aka buɗe a Maris 2024 bai ƙara wata biyu ba ya tafi. Ni na kai shi tasha. Jakar fatar nan a kan cinyarsa take, ya ƙi yarda a sa ta a but.

44/
To murhun da ya saƙa min gindinsa ya cinye, na ɗaure da waya har sau uku. Na kai Panteka, suka nuna min na ƙarfen faranti da walda, aiki mai kyau, na ɗaga na ji ya fi jakar gaba ɗaya nauyi. Wanda ya san mai saƙa irin na waya a Kaduna, Zariya ko Kano, ko mai zuwa Maraɗi kwanan nan, don Allah ya taɓa ni ta saƙo. Faɗinsa kamar buɗaɗɗen tafin hannu nake so, mai gindi, kuma kafin hunturu ya shigo.